Mayala da Ƙofofin Mahauta

Ba na son Mayala, kuma ban taɓa ɓoye masa ba. Tare muka taso. Ubansa mai roƙon ruwa ne, uwarsa 'yar Katolika, shi kuma ya auri Musulma, amma ba wanda ya taɓa ganin goshinsa a ƙasa ko gwiwarsa a coci. Tun yana kiwon shanu, in an yi faɗa aka tambaye shi wa ya fara, sai ya ce yana kallon saniya ne. Irin wannan mutum gwamnati ta ɗauko ta naɗa jami'in ƙauyenmu, ta ba shi babur da hatimin buga wa nama.

A wajenmu, in za a yi taro, Musulmin gida shi ke yanka don kowa ya ci. Yayana Athumani ya musulunta tun yana saurayi, ni ina coci, kuma duk kazar da ta mutu a gidana da wuƙarsa ta mutu. Da mijina ya rasu, shi ya riƙe mini 'yata Holo.

Sai aka kawo mana sabon fasto, ya ce me ya sa Kirista ba zai yanka abinsa ba. Limamin kasuwa ya mayar da martani a lasifika. Matasa suka fara ɗibar duwatsu, sai Mayala ya tara kwamitin zaman lafiya. Fasto da liman suka zauna a ofishinsa, suka sha shayi da mandazi, fanken wajenmu, suka fito suna dariya. Abin da suka yanke shi ne, ba a ƙara yanka babbar dabba a gida. A kai mahauta, an fasa mata ƙofa biyu, kowa ya bi ta addininsa.

Ana cikin haka auren Holo ya taso. Dangin ango 'yan gaban goshin fasto ne, sun aiko cewa in san da za a yanka ya bi ta ƙofar Musulmi ba za su taɓa shinkafar pilau ba. In kuwa ya bi ta ɗayar, Athumani da 'ya'yansa ba za su ci ba. Ni kuma sa ɗaya gare ni.

Na sami Mayala yana goge baburinsa.

"Mayala, ka bar ni in yanka a gida, gindin mangwaro, kamar da. Ba wanda zai tambayi wuƙar wa."

"Maman Holo, gwamnati ba ta da addini."

"Na ce maka tana da shi? Biki zan yi!"

"To ki zaɓi ƙofa mana. Ba mai tilasta ki. 'Yanci ne, wasu ƙasashen nemansa suke."

"'Yancin uwaka! Ka taɓa ganin an yanka sa ɗaya sau biyu?"

Ko fushi bai yi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya ce manyan addini sun amince, shi bakinsa ba nasa ba ne. Na ce dama bai taɓa zama naka ba, tun kana bin gindin shanu.

Na yi ta juya maganar. Holo gidan mutanen nan za ta zauna, ba gidana ba, in suka tashi daga bikinta da yunwa ita za ta biya har ta tsufa. Na sa aka kora san ta ƙofar coci. Mayala ya buga hatiminsa a cinya, ya ce nama lafiyayye ne.

Ranar biki da hantsi Athumani ya shigo da wuƙarsa a naɗe cikin tsumma, kamar yadda ya saba. Ya tarar mata suna yayyanka nama a kan ganyen ayaba. Ya tsaya ya dubi hatimin, ya dube ni, ya cusa wuƙar a aljihun rigarsa. Bai tafi ba. Ya zauna har aka gama, ya sa wa Holo albarka, ya ci tuwon ugali da wake a gefe. Mayala kuwa yana babban tebur tsakanin fasto da liman, maiƙo har gwiwar hannu, har da cewa a ƙunsa masa na gida.

Yana nan har yau, ya yi tumbi, an ce ma an yaba masa daga gunduma don ba a zubar da jini a ƙauyenmu ba. To, ba a zubar ba, na yarda.

Bayan girbi Athumani ya zo gaishe ni. Na dafa masa kaza, na zuba masa ruwa ya wanke hannu, na ajiye kwano a gabansa. Mutumin da ya goya ni a bayansa, wanda bai taɓa tambayar komai a tukunyata ba, ya buɗe murfi ya daɗe yana kallo.

Ya kira sunana, ya ce, "Kabula, wa ya yanka?"