Kyaftin Manu da akwatin takardunsa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina fitowa daga masallaci da safen nan wayar Hajiya Larai ta shigo. Mahaifinta, Kyaftin Manu na Yelwa, ya rasu.

Matasan da ke bibiyata a nan da yawa ba su san shi ba. Shi ne mutum na farko da na sani daga ƙasar Yauri da ya tuƙa jirgin sama. Ɗan masunci ne, a tsibiri aka haife shi, kuma ruwan Kainji ya haɗiye tsibirin nan yana makarantar koyon tuƙi.

Lokacin Yauri na cikin jihar Sakkwato aka turo ni Yelwa koyar da labarin ƙasa, na kama haya jikin gidansa. Aikinsa feshin tsuntsayen jan-baki ne da wani ƙaramin jirgi, daga fadamun shinkafar Shanga har Wara. Manoma na jin ƙararsa sai su ce shinkafar bana ta tsira.

Makarantarmu ba ta da taswirar tafkin. Da ya ji, sai ya cire tasa daga bango ya kawo mini har aji, ya tsaya yara suna yi masa tambayoyi har aka kaɗa ƙararrawa.

Da matata ta haihu ina kwas a Sakkwato, shi ya kai ta asibiti, innarsa ta yi mata jego.

Amma akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. In ruwa ya ja baya, sai in ga tsofaffin Gungawa, mutanen tsibiran da ruwa ya cinye, zaune a zaurensa, suna magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Na taɓa tambayarsa, ya yi dariya ya ce, "Malam, labarin ƙasa nika koya musu, kamar kai."

Watan jiya na je duba shi. Ya rame sosai, amma idonsa tar. Ya sa Hajiya Larai ta jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado.

Lasisinsa na ciki, da hotonsa da hular aiki, da wasiƙun da ya rubuto wa innarsa, wadda ba ta karatu amma ta adana su duka. Sai logbuk, littafin da matuƙi ke rubuta kowane tashi da sauka. Shafukan gaba Turanci ne. Bayan shafukan kuwa zane ne da fensir, tsibiri bayan tsibiri, da rubutu da Gunganci.

Na ce, "Kyaftin, wannan fa?"

Ya ce, "In ruwa ya faɗi, daga sama ana hango alamun garuruwan da an ka tasa. Kan tsamiya, tudun maƙabarta. Tsoho zai zo ya ce, Manu, ka ga wurinmu? In na gani in ce na gani. In ban gani ba, ba ni yi mai ƙarya."

Na ce, "Naku fa?"

Ya ce, "Sau ɗaya. Na kewaya sau uku, hawaye sun hana ni ganin mitar jirgin."

Na roƙe shi ya fassara mini rubutun in rubuta. Ya ce, "Bari a gama girbi, ka taho da biro mai kyau."

Biron na cikin aljihuna yanzu haka.

Tun safe tambayoyi ke cina. Wane gari ne wanda ya zana sau biyar? Wace ce Ladi da sunanta ke gefen wani shafi? Ban sani ba, 'yarsa ma ba ta sani ba. Ta ce gara ta fara cin gefen wasu takardun, ba ta so su lalace a hannunta. Don Allah, in akwai dattijon da ke karanta Gunganci kuma ya san tsofaffin tsibiran, a Yauri ko Ngaski ko Shanga, a yi mini magana ta inbok. Bayan addu'ar bakwai za mu zauna a kansu.

Ya Allah ka gafarta wa Kyaftin Manu, ka yalwata kabarinsa, ka saka masa da Aljanna Firdausi, ka ba Hajiya Larai da ƙannenta haƙuri.

Kai da ka karanta har nan, ko ba ka san shi ba, ka sa shi a addu'arka ta yau.