Yadda Na Kai Kantun Riɗi Kwatano

Malamin ajinmu na yaƙi da jahilci ya ce in rubuta wannan tafiya da hannuna. To ga ta.

'Yata Rabi, wadda nake kira Uwata saboda sunan mahaifiyata ta ci, tana karatun kasuwancin ƙasa da ƙasa a Kwatano, a hannun ƙanwata da ke aure a unguwar Zango ta can. Jarrabawarta ta ƙarshe ita ce kowane ɗalibi ya baje wata haja ta garinsu a makaranta, ya nuna baƙi za su saya. Ta zaɓi kantun riɗin da babarta ke yi da zuma. Aka cika mini bokiti mai murfi.

Makoda zuwa Kano

Ana sallame sallar asuba na hau babur zuwa Ɗanbatta, bokiti a cinya. Daga can ƙaramar mota ta kai ni Kano da hantsi. A tasha na karanta “Legas” a goshin doguwar mota da kaina, ban tambayi kowa ba.

Kano zuwa Legas

Kujerata na kusa da ta wata 'yar kasuwa, Madam Odil, mutuniyar Kwatano da ke sarin atamfa a Kano. Mun wuce Zariya yunwa ta taso, na buɗe bokiti. To a garinmu wa ya taɓa cin abu a mota shi kaɗai? Na ce, “Bismillah.”

Ta ɗanɗana ta zaro ido. “Baba, wannan mene ne? Ƙara mini!”

Direba ya ɗaga murya: “Baba, mu na gaba ba Musulmi ba ne?”

Bokiti ya yi gaba, ya yi baya. Na ba su labarin Uwata, na kuma gayyaci mota duka zuwa makarantarta, kamar mai gayyar suna. Washegari muka shiga Legas, ƙafafuna a kumbure.

Seme

A kan iyaka aka duba fasfo. Wani jami'i ya buɗe bokiti ya ce, “Me ke nan?” Na ce alewa ce. Ya tauna ɗaya don ya tabbatar, ya kira abokan aikinsa su ma su tabbatar.

Kwatano

Ƙanwata ta tarbe ni da doya da miyar kifi. Uwata ta ɗaga murfin bokiti, ta leƙa ciki. Abin da ya rage bai cika kwanon sha ba.

“Baba, ina sauran?”

“Uwata, mutane ne a hanya.”

“Baba, jarrabawa na ce maka, ba walima ba! Gobe me zan baje?”

Ƙanwata tana dariya har da riƙe ciki, ni kuwa na cire hannu daga doyar. Shekarun yarinyar nan ne na raba a mota.

Uwata ta share ido, ta ɗauko 'yan ledojin da ta buga wa rubutun Faransanci, ta sa guda bibbiyu a wasu, ta farfasa ragowar a faranti don ɗanɗano.

Da safe a makaranta teburinta ya fi na kowa rama. Malaminsu ya tsaya yana tambaya, tana amsawa da Faransanci ba gargada, amma na ga yana kallon ledojin da ba komai ciki. Sai na ji an ce, “Baba mai alewa!” Madam Odil ce, da ƙawayenta biyu na kasuwa. Ashe ita ta ɗauki gayyar da gaske.

Uwata ba ta ɓata lokaci ba. Ta jawo ta gaban malamin, suka shiga ciniki: yadda za a riƙa aikowa daga Kano, da yadda za a kare shi daga damshin bakin teku. Malamin ya tauna guda, ya gyaɗa kai, ya yi rubutu. Da la'asar aka ce ta ci.

Komawa gida

Na biyo hanyar da na zo, na iso Makoda ana kiran magariba, na tarar babar Uwata har ta fara wankin wani riɗin. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa ƙanwata da Madam Odil. A tashar Kwatano Uwata ta ce mini, “Baba, ranar bikin yaye mu bokiti biyu za ka ɗauko. Ɗaya naka ne da mutanen mota. Ɗayan ni zan aiko da kwaɗonsa.”