Sunan da Rahmatu ba ta faɗi

Malam Tukur mai hayar littattafai ne a Ƙofar Dundaye, tun wajen shekara ta dubu biyu, lokacin da labaran aure da cin amana ke tashe. Ya karance su tas, har ya ɗauka babu macen da bai san cikinta ba. Ni dai a ganina nan ya cuci kansa.

Matarsa Rahmatu kan karanta wa matan unguwa bayan la'asar, shi kuwa yana zaure ya kasa kunne. In ta zo kan sunan Tukur sai ta ce "mai sunan Malam", don mace mai kunya ba ta kiran sunan miji ko na ɗan fari. Nasu ɗan farin bai ma kai ranar suna ba, ya koma ga Allah, Tukur yana Kano sarin littattafai.

Ran nan ta ɗauko labarin wata matar aure mai zuwa wajen wani Junaid. Tukur ya san littafin kamar yunwar cikinsa. Duk inda sunan ya fito, sai ya ji ta ce "wane". Tirƙashi! Ga kuma Junaid mai atamfa a bakin layi, inda take sayen zane.

Bai tambaye ta ba, wai a littafi ma mai laifi ba ta amsawa. Kullum da niyyar saki yake tashi, kullum yana ɗagawa. Ya daina hira da ita, sai gaisuwa da cefane. Haka suka yi furfura, wayoyi suka kashe kasuwar haya.

Bara mai atamfa ya rasu. Tukur ya dawo daga jana'iza, ya gaya mata, ya zuba mata ido yana jiran hawaye.

"Allah shi jiƙan shi," in ji ta, tana tankaɗe.

Abin ya ci shi. Ya ce, "To don mi ba ki faɗin sunan nan?"

Ta aje rariya. "Da shi Baba ya yi wa yaronmu huɗuba, kana Kano. Ka dawo ba ka tambayi sunanai ba, ni ko ba ni iya faɗi."

Tukur ya koma zaure ya zauna. Can ya kira sunan a hankali, abin da uba ma ba ya yi wa ɗan fari.