Kawu Pyo da Ƙwallon da Bai Ba Yarinya Ba

Ɗakin kwanon da Kawu Pyo ke gyaran takalma a ciki, a bakin tashar jirgin ƙasan unguwarmu a birnin Busan, bai fi taku biyu ba. In ya yi atishawa ƙofar buɗewa take yi. Shekara ashirin da shida yana zaune a ciki, tsakanin warin gam da warin ƙafafun mutane, rediyo rataye a ƙusa yana jin wasan besbol, wanda ake buga ƙwallo da sanda. Nakan jingine babur ɗina na kai abinci a jikin ɗakin in huta, shi ya sa na san labarinsa fiye da yadda yake so.

In kana da waya ka taɓa ganinsa. Shi ne mai jar hular nan na cikin bidiyon daƙiƙa goma sha ɗaya.

A filin wasanmu na besbol, in ƙwallo ta faɗo cikin 'yan kallo babba ya cafe, ba tasa ba ce. Mutum dubu ashirin za su ɗauka da murya ɗaya, "Ba yaro, ba yaro," sai ya miƙa wa ɗan da ya fi kusa da shi kafin su yi shiru. Kawu Pyo kansa ya yi shekara talatin yana wannan ihu, har muryarsa ta dushe a kai.

Wata Lahadi, shekara tara da suka wuce, ƙwallo ta nufo shi, 'yar ƙarama mai tauri kamar dutse, ya tare ta da hannu tsirara. Ta karya masa yatsu biyu. Azaba ta sa ya cusa hannun a hammata, ya yamutsa fuska, ya duƙa. Wata 'yar yarinya da ke gabansa ta miƙo hannu biyu, shi ko ganinta bai yi ba. Ya tashi ya yi waje neman asibiti, ƙwallon tana hannunsa don yatsun sun ƙi buɗuwa. Kyamarar talabijin ba ta jin ƙarar ƙashi. Abin da ta nuna wa ƙasa baki ɗaya shi ne tsoho ya ɓoye ƙwallo a hammata ya gudu, yarinya tana kuka.

Duk shekara in an buɗe kakar wasa, sai bidiyon ya farfaɗo. Masu tattara abubuwan da suka tsinto a intanet suna sa shi a jerinsu, tsakanin mage mai kaɗa fiyano da mutum-mutumin inji da ya gangaro daga bene. Wani ya sa masa kiɗa. Wani ya yanke fuskar ya mai da ita ɗan hoton da ake tura wa aboki in ya hana ka ɗanɗana kazarsa. Ni ma na tura sau biyu, amma kafin mu saba ne.

"Kawu, ka shiga na uku a jerin wannan makon," na ce masa wata rana. "Ka wuce magen."

"Ɗauke tsinannen babur ɗinka, ka tare min haske."

"Allah da gaske nake. Da ni ne, da tuni na buga fuskata a riga ina sayarwa."

"Fuskarka ko kyauta ba mai karɓa." Ya ci gaba da huda tafin takalmi, yatsun nan biyu a karkace suna ƙin bin basilla. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Jikata ta ce kada in ƙara zuwa ɗaukarta a makaranta."

Sai na ce ya zo in ɗauke shi bidiyo ya faɗi gaskiya. Ya sa riga mai wuya, ya ɗaga yatsun, ya nuna hoton ƙashin da asibiti ya ba shi, ya yi bayani na minti shida. Mutum arba'in da uku suka kalla. Ɗaya ya rubuta, "To ina ƙwallon?"

Daga nan ya yanke shawararsa. Tunda a filin aka ɓata shi, a filin zai wanke kansa. Ya sayi safar hannu ta cafe ƙwallo, ya sa takunkumin fuska, duk wasan gida na Lahadi ya rufe ɗakin kwano ya je ya zauna inda yara suka fi yawa. Ba ya kallon maki, ba ya waƙa, ba ya tashi ko fitsari, kada ƙwallo ta zo ba ya nan. Shekara uku yana kallon sama. Matarsa, Inna Bok-sun, ta ce da ta auri mai gyaran takalma, yanzu kuma tana zaune da mai duban hadari.

Watan jiya ƙwallo ta zo. Ina gefensa, don ni ne mai riƙe waya, sai dai a daidai lokacin hannuna biyu suna cikin kwalin kaza. Ya miƙe, ya cafe tsaf, kafin a buɗe baki a ce "ba yaro" ya sa ta a hannun wani ɗan shekara shida. Ya cire takunkumi ya juya ga babban allon talabijin na filin, ko za a nuna shi. Tallar taya ake nunawa.

Uwar yaron ta sunkuya tana godiya, ta ɗago, ta tsaya tana kallonsa.

"Baba, ba kai ne ba? Na bidiyon nan?"

Ya ce shi ne. Ya fara ɗaga yatsun zai yi bayani.

"Wayyo, mijina ba zai yarda ba. Don Allah Baba, ɗan yi mana sau ɗaya. Min-jae, ara wa Kaka ƙwallon, tsaya a gabansa ka miƙa hannu."

Mutanen layin gaba sun juyo, wayoyi sun tashi sama. Yaron yana dariya, ya tura masa ƙwallon. Kawu Pyo bai taɓa iya ce wa yaro a'a ba. Ya karɓa, ya cusa a hammata, ya yamutsa fuska.

Kafin mu kai tashar jirgi, mutum dubu sittin sun gani.

Ran Litinin ya buɗe ɗakin kwano ƙarfe bakwai kamar kullum. Na jingine babur, na leƙa.

"Kawu, Lahadi mai zuwa fa?"

Ya tura min wani takalmi da ƙafa. "Riƙe min nan, gam ɗin bai kama ba." Da na riƙe, ya ce, "Ka sayo tikiti biyu. Wannan karon ba kaza."