Amshin da Ya Fi Ƙarfin Maiturare

Ramlatu ne sunanta na yanka, amma daga Gummi har Anka ba mai gane ta sai an ce Maiturare. Ita ba ta taɓa sayar da turare ba. Uwarta Laraba ce ta yi tallarsa kafin ta koma waƙa, sunan ya bi 'yar. A gindin turmi ta koyi sana'ar: Laraba na bayarwa, matan unguwa na amshi suna lugude, a cilla taɓarya sama, a tafa, a cafe. Da aure ya kai ta ƙauyen Abare, waƙoƙin uwarta ne kayan ɗakinta na kirki.

Ta yi suna daidai gwargwado. Duk gidan da za a yi dakan biki a ƙauyukan Anka da Bukkuyum sai an aika mata goro. Wani mai kaset a kasuwa ya taɓa ɗaukar muryarta, direbobi suka riƙa sawa. Ba kyakkyawa ba ce, ba ta da sakin fuska, amma in ta buɗe baki, mai ciwon baya ma miƙewa take ta karɓi taɓarya.

Sai zinariya ta bayyana. Maza suka bar gona suna shigo da duwatsu buhu-buhu cikin gida, mata suka riƙa dakawa a turmin da suke surfe. Dakan dutse ba daɗi, kafaɗa yake ci. Matan suka roƙi Maiturare ta ba su abin da zai ɗauke musu gajiya. Ba ta ko wahalar da kanta ba. Ta ɗauko wata tsohuwar waƙar Laraba, wadda in an ce "Daka, ɗiyar mutane, daka," sai a amsa "Hatsin bana ya cika rumbu." Ta bar karin yadda yake, ta sauya amshin: "Dutsen bana ya fi hatsi."

Waƙar ta kama kamar wutar daji. Aka yi ta a Sunke, aka yi ta a Bagega, ta shiga wayoyin samari. Mata na daka da goyo a baya, ƙura na tashi tana sauka a kan kwano da tabarma, masu rarrafe na tsintar ƙasa suna kai wa baki. Maiturare kuwa har alfahari take yi cewa da waƙarta mace kan gama buhu kafin la'asar.

Yara suka fara jijjiga suna mutuwa. Da fari aka ce iska ce, aka ce zazzaɓi ne. Daga baya likitoci suka zo suka ce gubar dalma ce da ke cikin dutsen. Aka kwashe ƙasar tsakar gidaje, aka zuba sabuwa. Ba wanda ya taɓa tsayawa gabanta ya ce tana da laifi, kuma da an faɗa da ta fi jin sauƙi. Ta fara mayar da goron gayyata tana cewa murya ta tsufa. Wadda ta fi kauce wa ita ce Sa'a, maƙwabciyarta, gwanar lugude, da ta rasa 'ya'ya maza biyu a wannan shekara. Maiturare kan zaga ta bayan masallaci don kada su yi ido huɗu.

Haka ta zauna shekaru, tana sana'ar ƙuli-ƙuli, har bara da aka sa ranar jikarta Rufaida, wadda ita ma ta sha maganin dalma tana ƙarama ta rayu. Yarinyar ta kafe lallai sai an yi mata dakan biki irin na da, kuma kakarta ce za ta bayar. Maiturare ta ce ba haƙori. Rufaida ta ce ai ba nama aka ce ta ci ba.

"Tsohuwa, kin yi wa ɗiyan kowa waƙa, ni ce za ki bari a kai shiru kamar kayan sata?"

Ta yarda, don ta yi wani lissafi a ranta. Za ta yi waƙar da amshinta na asali, na hatsi, a gaban matan da suka san abin da ta yi da ita. In ta fita lafiya, ta wanke waƙar uwarta, ita ma ta iya ɗaga kai a unguwa.

Da hantsi mata suka taru, kowa da taɓaryarta kamar yadda aka saba. Sa'a ma ta zo, ta gai da tsohuwar da ladabi, ta tsaya a turmin tsakiya. Maiturare ta faɗa musu amshin a bayyane, har ta maimaita. Ta gyara murya ta bayar. Muryar na nan, ba abin da ya taɓa ta. Tsofaffi suka amsa da hatsi. Amma da lugude ya yi zafi, ƙawayen amarya, waɗanda da waccan ta dutse aka goye su, ba su san wata ba, suka ɗaga murya gaba ɗaya suna dariya: "Dutsen bana ya fi hatsi." Ta sake bayarwa da ƙarfi ko za ta janyo su. Suka ƙara amsawa, har wasu manyan bakinsu ya bi.

Sa'a ta jingine taɓarya, ta karkaɗe zanenta, ta fita.

Maiturare ta bi ta har gida, karo na farko tun waccan shekarar, ta durƙusa a bakin ƙofa, abin da babba ba ta yi wa ƙarama. Sa'a ta ce ta tashi don Allah.

"Inna, ba fushi nake ba. Ke waƙa kika yi, mu munka yi daka. Sai dai da wagga waƙa nake lallashin ɗana Haris in yana kuka. Ban iya tsayuwa in ji ta."

Maiturare ta miƙe. Ta koma wurin biki ta ƙofar baya, ta kira uwar amarya, ta ce a tattara sauran geron a kai inji. Rufaida ta yi ta mita, 'yan mata suka kunna waya suka ci gaba da rawarsu. Tsohuwar ta shige ɗaki ta ja labule, kuma tun daga ranar ba a sake kai mata goro ba, don ta aika unguwa-unguwa cewa kada a wahala.