Na Daɗe Ina Kishin Baba Maina Baduku

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan, ina tsaka da karin kumallo, labari ya riske ni cewa Baba Maina baduku ya rasu.

Har yanzu zuciyata ba ta gaskata ba.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne dattijon da ke ɗinkin fata a bakin Kasuwar Shanu. Duk wanda ya taɓa sauka a ƙananan otal-otal ɗin da fatake ke kwana, ya ga Alƙur'ani cikin gafaka a rataye a bango, to Baba ne ya ɗinka, shi ne kuma ya rataye.

Zan faɗi gaskiya ko da za ta zubar mini da ƙima: na daɗe ina kishin bawan Allahn nan.

Da na kammala hidimar ƙasa, na ƙudiri aniyar zamanantar da aikinsa. Na samo kwafi goma bugun Madina masu ruwan zinare, na rarraba a ɗakuna, na ɗora hotuna a wannan shafin. Da yawanku kun jinjina mini.

Baba kuwa, shi da kansa ya ɗinka wa nawa gafaka.

Bayan wata shida na koma dubawa. Nawa suna nan fes kamar ranar da na kawo su. Nasa kuwa sun yi laushi, gefen takardun ya yi duhu saboda yatsu. Wani manaja ya shaida mini cewa akwai baƙin da ke neman a canza musu ɗaki idan suka tarar da nawa.

Duk da digirina, ban taɓa la'akari da cewa galibin fataken nan a allo suka yi karatu ba. Da Warash suka tashi, irin wanda Baba ke ratayewa, idonsu bai saba da rubutun Hafsi na bugun Madina ba.

Juma'ar da ta gabata na je rumfarsa. Ya matsa mini a buzu, ya raba goronsa biyu ya miƙo mini. Na yi masa dogon jawabi kan wajibcin tafiya da zamani. Ya saurara har ƙarshe, yana ta ɗinkinsa, sannan ya ce:

"Ɗana, baƙo a gajiye yake zuwa. Ajiye masa irin wanda ya koya yana yaro."

Na tashi cike da haushi.

Malamai suna kiran kishin alheri da suna mai daraja, gibɗa. Ba ni da tabbacin nawa ya kai wannan matsayi. Shi yana kwance a likkafani ana buɗe shafukansa a ɗakuna. Ni ina raye, nawa a rufe.

Allah ya jiƙan Baba Maina, ya sa kowane harafin da baƙo ya karanta ya zama haske a kabarinsa.

Za a sallace shi bayan azahar a unguwar Yindiski. Ku sa shi a addu'a. Ni kuma ku roƙa mini Allah ya wanke mini zuciya kafin in shiga sahu.