Hoton Surukina a Cikin Sarbar

A shekarar da damina ta yi gardama, sojoji kuma suka karɓi mulki, ina aiki a wata ƙaramar ƙungiyar agaji a unguwar Yantala, cikin Yamai. Ni ke kula da sarbar, na'urar da ma'aikatanmu na ƙauyuka ke zuba wa hotuna, masu ba da tallafi na ƙasashen waje su kwasa daga can. Ba ta da komai sai baƙin allo da farin rubutu, kuma sai ka rubuta mata umarni take motsi. Ina ji da kaina a kan wannan. In wani ya leƙo ya tarar ina bugawa, sai in ƙara gyara zama.

Sojojin sun bari a ambaci yunwa a rediyo, abin da a da ba a so, don haka hotuna suka yi ta shigowa. Nawa shi ne in raba su gari-gari, in buɗe izinin ɗauka. Ban cika kallon su ba.

Wata safiya na buga ls don in ga abin da ya shigo daga wani ƙauye na wajen Filinge, sai ga sunan surukina, mahaifin matata, a jikin wani hoto. Sunan da bakina bai taɓa faɗa ba. Na buɗe. Ga shi tsugune gaban rumbu a wangale, ba rawani ba hula, yana cin anza a ƙwarya, ɗacin nan da ba a nema sai hatsi ya ƙare. Mutumin da ko ruwa bai taɓa sha a gabana ba. Kwanan baya ma ya aiko mana cewa lafiya lau suke.

Kunya ta kama ni kamar ni aka tuɓe. Har haushin mai hoton na ji. In goge, ba ni da iko. Sai na rubuta chmod, umarnin da ke buɗe izini ko ya rufe, na sa sifili uku, wato kowa kada ya taɓa. Da na zo kan sunan, harafin farko kawai na buga, na danna Tab, na'ura ta ƙarasa mini. Na tashi ina ganin na rufa wa dattijo asiri. Matata ma ban gaya mata ba.

Mutanen waje suka yi ta cewa hoto ɗaya ya ƙi ɗaukuwa. Na ce wa shugabarmu matsalar koneksiyon ɗin intanet ce. A Yamai ba mai musun wannan, sai maganar ta mutu.

Bayan wasu makonni surukin nawa ya kawo ragowar awakinsa kasuwa, ya sauka gidan ƙanensa a unguwar Lazare. Muka je da matata, na tsuguna nesa na gaishe shi. Ya rame, amma rawaninsa na nan daram. Da muka gama gaisuwa, ya sa matata ta fita, ya yi magana yana kallon tabarma.

"An ce hotunan nan ta hannunka suke bi."

"E, Baba."

"Mai hoton ya ce masu abin ba su yarda sai sun gani da ido. Mutanen gari duk suka ƙi tsayawa. Ni ne babba, sai na cire rawani da hannuna. Ya isa wurinsu?"

Ban iya ɗaga kai ba. Na ce, "Zai isa, Baba." Ya sa mini albarka, wannan kuwa ta fi mini zagi ciwo.

Daga nan ban koma gida ba, kai tsaye na wuce biro, wurin aikinmu, na buɗe izinin. Kullum da safe sai in duba ko wani ya shigo ya ɗauka, ba kowa. Da na gaji na tambayi shugabarmu, ta ce ai tun makon jiya aka gama zaɓen garuruwan da za a kai wa hatsi.